Ranar da Tafkin Injiniya Ya Yi Fari

Ni na fara ganin gawar. Da safiyar Asabar na shigo ta ƙofar baya da ragar kwashe ganye a kafaɗa, na tarar ruwan tafkin ya yi fari kamar an dama farau-farau a ciki, ko ƙasansa ba a gani. Can ɓangaren mai zurfi wani abu yana yawo a hankali. Na ɗauka buhu ne iska ta jefo. Da na taɓa shi da sandar raga ya juyo, sai ga fuskar Sabo maigadi, idanunsa a buɗe, jajaye.

Gidan na Injiniya Abimbola ne, mutumin Ibadan, cikin masu awon titunan sabon babban birni. Shekarar ke nan da aka karɓe sunan garinmu aka ba birnin, bakin mutane bai gama sabawa da Suleja ba, tsofaffi har yanzu Abuja suke cewa. Injiniya ya gina gidansa a bakin gari, ya haƙa tafkin iyo a bayansa saboda matarsa, Madam Bose. Ni kuwa daga Zariya na zo bayan na bar makaranta, na taɓa yaron mota, na taɓa leburanci, kafin na samu aikin kula da wannan ruwa. Kullum in kwashe ganye, in goge gansakuka, in zuba hodar kulorin, in ruwan ya nema in ƙara asid, sannan in wanke tankin yashi da ke tace shi. Masu gidan sun tafi Kaduna tun Alhamis.

Kafin rana ta ɗaga bayan gidan ya cika. Mai unguwa ya zo, wani kofur ya biyo shi a kan keke. Aka fito da Sabo aka rufe shi da zane. Mamman kuku, wanda kullum a kwano ɗaya suke cin abinci da mamacin, ya durƙusa a gefe yana kuka har muryarsa ta dishe. Babu wanda ya yarda ya matsa kusa da bakin ruwan.

"Dama an faɗa," in ji wata tsohuwa. "Wurin nan yana da mai shi. An rufe masa ido da siminti."

"Mai shi ko wancan yaron?" wani ya ce, ya nuna ni da haɓa. "Shekaranjiya duk unguwa ta ji shi yana ce wa Sabo wata rana a ciki za a tsince shi."

Na faɗa kuwa. Sabo yana da ɗabi'ar wanke ƙafa da kurkure bakin goro a cikin tafkin, na hana shi har na gaji.

Kofur ya dube ni. "Kai ke riƙe da maganin ruwan?"

"Ni ne."

"Maganin ne ya mai da shi fari?"

"Ban sani ba tukuna, yallaɓai."

"To za ka sani a Minna. Gobe motarmu za ta zo."

Ba ni da kowa a garin, ɗaki ɗaya nake haya a unguwar Hashimi, ko mai ɗakin bai san sunan ubana ba. Mai unguwa ne ya roƙi kofur a bar ni a hannun Baƙo mai bin sawu zuwa goben, tunda ni kaɗai na san kayan ruwan. Kofur ya ce shi dai mutum ɗaya zai saka a mota, bai damu ko wanene ba in dai shi ya aikata.

* * *

Baƙo tsohon maharbi ne, siriri, kansa kullum a sunkuye kamar ya yar da allura. Shi ake kira in an sace akuya ko yaro ya ɓace a dawa. Bai gaishe ni ba. Ya yaye zanen ya daɗe yana kallon hannuwan Sabo. Kawunan yatsun sun ɗaye.

"Kun gani ko?" in ji tsohuwar nan. "Bango yake kamawa ana jan shi ƙasa."

Baƙo ya sa tsinke ya sakato wani abu daga ƙarƙashin farce, ya shafa a tafin hannunsa. "Kai ɗan Zazzau, bangon tafkin nan wane launi ne?"

"Shuɗi, Baba."

"Uhm." Ya nuna mini. Fenti ne kore. Ya mai da zanen ya ce a je a yi masa sutura.

Da mutane suka watse ya zagaya tafkin ba takalmi. Ya yi tsaki.

"Siminti ba ya magana. Wannan ma an wanke masa baki. Kai ka wanke?"

"Tun Laraba ban taɓa tiyo ba."

"Ranar Laraba, ko Laraba mai wanki?"

"Ranar."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Tiyon yana nan a naɗe, amma naɗin ba nawa ba ne. Ni daga dama nake naɗewa.

A kusurwar tafkin, bayan wata tukunyar fure, Baƙo ya tsaya. Wani ɗan kasko ne a ɓoye, da busasshen nono a gindinsa. A gefensa kuma, a kan ƙasa mai laima, sawun ƙafar mace.

* * *

Laraba bazawara ce, tana da 'yar gona a bayan katanga, ita ke yi wa gidan wanki. Mun same ta tana ɓare gyaɗa. Da ta ga kaskon a hannun Baƙo ba ta ko ɗaga gira ba.

"Nawa ne," ta ce. "Ajiye mini kada ka fasa."

"Wa kike ciyarwa, Laraba?"

"Kai ma ka sani, Baƙo, ba baƙo ba ne kai sai a suna. Kafin a zuba simintin nan idon ruwa ne a wurin. Kakata ta zuba masa nono, uwata ta zuba. Ni ce zan bari?"

"Malamin unguwa ya san kina yi?"

"Malam ya san abin da ya sani. Ina sallata."

Na kasa haƙuri. "Inna, ashe ke ce! Duk Juma'a in tarar ruwa ya dushe a kusurwar nan, in yi ta zuba hoda ina zagin kaina."

"Ludayi ɗaya nake zuba wa ruwan, ɗan nan. Sauran na kaskon na mai gidan ne."

"Wane mai gida?" Baƙo ya tambaya.

Ta rage murya. "Baƙi ne, da tsawo. Ta magudanar ɗakin inji yake fitowa. Bai taɓa saran kowa ba. In an bar shi, ya bar mutane."

Kumurci take nufi. Na taɓa ganin saɓarsa a bayan tanki, na share na yi shiru.

"Sabo ya taɓa shi?"

"Sabo? Ai maƙwabta ne. In ya kwana gadi, da hantsi sai ya ja tabarmarsa ya shige bayan tankin nan ya yi barci, wai can ne sanyi kuma Oga ba ya leƙawa. Na ce masa yana takura wa mai wurin. Ya ce ai sun saba."

Ban taɓa sanin haka ba. Da hantsi ni na gama aikina na fita.

A hanyar dawowa na ce, "Baba, mutane za su ce ita ce. Nono fari, ruwa fari."

"Kai me ka ce?"

Na ɗauko 'yar kwalbar gwaji, na ɗebi ruwan tafkin, na ɗiga maganin. A ranar lafiya ruwan yakan koma rawaya-rawaya kamar lemon tsami. Wannan karon sai ya yi ja kamar shayi.

"Kulorin ne ya yi yawa," na ce. "Nono cinye kulorin yake yi, ba ya ƙara shi. Wani ya juye hoda mai yawa a ciki, ita ce ta yi farin."

"Ka san wannan magana kanka take nunawa?"

"Na sani."

Ya dube ni a karon farko sosai. "To mu ga ɗakin."

* * *

Ɗakin inji ɗan ƙarami ne a ƙarshen fili, ƙofarsa ta katako, sakata ɗaya daga waje. Ƙofar koriya ce. Da na buɗe sai wani wari ya daki hancina, idanuna suka kawo ruwa. Baƙo ya riƙe ni.

"Tsaya. Me kake ji?"

"Ba na jin komai."

"Ni ma haka."

Sai na gane. Kullum ɗakin nan cike yake da motsi, tsaka na gudu a bango, zanzaro na kai da komo a gidansa na laka. Yau tsakar duk suna ƙasa, cikinsu a sama. Gizo-gizo ya naɗe ƙafafu a cikin saƙarsa. Kan famfon tagulla da na goge ranar Alhamis ya yi kore, ƙusoshin bango sun yi tsatsa kamar sun shekara a ruwa. A bayan tanki tabarmar Sabo tana shimfiɗe, hularsa a kai.

Baƙo ya juya ƙofar. A bayanta, daga tsayin gwiwa zuwa ƙasa, fentin ya kankare layi-layi.

Na fita na yi amai a gindin mangwaro.

"Me ke kashe ɗaki haka?" ya tambaye ni da na dawo.

"Hoda da asid, in suka haɗu a wuri ɗaya. Hayaƙi suke yi. Ranar da aka kawo su Injiniya ya tara mu duka ya ce ko giwa aka kulle da hayaƙin nan ba za ta fito ba."

"Ku duka su wa?"

"Ni, da Sabo, da Laraba, da Mamman, da Nata'ala direba."

Jarkar asid ta ragu sosai. Bokitina na roba kuwa yana kife a waje, an ɗauraye shi fes.

"Nata'ala yana Kaduna da Oga," na ce.

"Haka aka ce." Ya kai ni bakin babbar ƙofa ya nuna mini ƙasa. "An yi yayyafi da asubar Juma'a. Wannan taya a kan yayyafin ta bi. Shiga da fita."

* * *

A tashar Gauraka muka same shi, ya ajiye Fijon Injiniya a gindin wata ɗorawa yana lodin fasinjan Kaduna. Da ya hango mu ya washe baki.

"A'a, injiniyan ruwa! Ka bar kifinka ka fito yawo?"

"Sabo ya rasu," Baƙo ya ce.

Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya yi salati. Baƙo bai bar shi ya gama ba, ya sa yatsa a wata huda da ke jikin wandonsa. Hudojin suna da yawa, ƙanana, bakinsu ya ƙone.

"Wane asu ne ke cin wando daga gwiwa?"

"Baba, batir ne."

"Ɗan Zazzau, batir ne?"

"Motar nan sabuwa ce," na ce. "Bai taɓa buɗe batirinta ba."

Nata'ala ya ja mu gefe. "To na ji. Wallahi kada Oga ya ji, zai kore ni. Na sauke su Kaduna, ya ce sai Lahadi. Na ce mota tana zaune, ni ina zaune, bari in ɗan yi lodi. Jiya da safe na biya gida na tsiyayi asid kwalba ɗaya, akwai mai gyaran lagireto a nan da ke so. Shi ke nan laifina."

"Ka ga Sabo?"

"Da idona. Ina fita yana shiga da tabarma. Har ya ce in kawo masa goron Kaduna, ni kuwa na ce wa ya ce maka Kaduna za ni." Ya share ido da bayan hannu. "Daga nan ban sake komawa ba. Tambayi mai tuwon can, a nan na yi Juma'a, a nan na kwana. Ko burodin da na ce Mamman ya ajiye mini ban koma na karɓa ba."

Mai tuwo ta shaida, mai gyaran lagireto ya fito da kwalbar. Kwalba ɗaya ce, abin da ya ɓace a jarka ya fi haka nesa.

A motar dawowa na yi ta lissafi. Laraba ta fita daga zargi, Nata'ala ma ya fita. Sai na ga kamar duk inda tsohon nan ya juya, hanyar kaina take dawowa. Na fara auna nisan tasha da ƙarfin ƙafata.

"In ka gudu," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "kafin magariba zan kamo ka. Kana taka ƙafar hagu a karkace. Zauna."

* * *

Rana ta karkata da muka koma. Gidan shiru, kowa ya tafi zaman makoki. Tafkin yana nan fari, ba ya motsi, ko tsuntsu bai sauka ya sha ba. Na ƙi kallon ɓangaren mai zurfi, amma ina jin sa a bayan wuyana.

Baƙo ya tsuguna a gefen ɗakin inji ya daɗe har na zaci gyangyaɗi yake. Can ya ce, "Zo ka ga masu aiki."

Kiyashi ne, layi guda, sun fito daga gindin katanga sun hau bangon ɗakin ta baya. Masu saukowa kowanne yana ɗauke da ɗan farin abu.

"A ciki komai ya mutu," ya ce. "Me suke samu a waje?"

Muka bi layin. Bangon baya yana da bulo masu huji don shan iska. Duk a buɗe suke sai na can ƙasa, wanda ciyawa ta rufe. An toshe shi da wani abu da ya bushe ya tsage. Baƙo ya zaro wuƙa ya ɓamɓaro shi, ya shinshina, ya miƙo mini. Warin yis ne. Kwaɓin fulawa. Da na duba sauran hujojin, kowanne akwai ɗan farin saura a bakinsa.

"Ka taɓa farautar gafiya?" ya tambaye ni.

"A'a."

"Kafin ka tura mata hayaƙi sai ka zagaya ka toshe duk ƙofofinta da ɗanyar laka, ka bar ɗaya. Wanda ya yi wannan ya taso a ƙauye, ya iya. Laka ce bai samu ba, ko'ina siminti, sai ya ɗauki abin da hannunsa ya saba da shi." Ya juya dunƙulen. "Kuma wanda zai kashe mutum ba ya tsayawa toshe hujin da ɓera ne kawai zai bi. Ba mutum ya zo nema ba."

Ya naɗe shi a gefen rigarsa. "Gobe da safe. Yau a gidana za ka kwana."

* * *

Da hantsin Lahadi aka taru a bayan gidan. Mai unguwa a kujera, kofur a tsaye, motar Minna a bakin ƙofa direbanta na cin rake. Injiniya da Madam sun iso da safe a motar haya, Madam ta ƙi fitowa daga ɗaki. Laraba ta zauna a ƙasa, Nata'ala yana ɓoye gwiwarsa da hula. Mamman ya kawo wa manya ruwan sha a tire, 'yarsa Safara'u, 'yar ƙarama da ba ta fara makaranta ba, tana riƙe da gefen rigarsa. Uwarta ta rasu tun kafin in zo gidan.

"Ranka ya daɗe," Baƙo ya ce wa mai unguwa, "Sabo bai mutu a ruwa ba. A ɗakin can ya mutu, a bayan ƙofa, yana neman a buɗe masa. Gawarsa aka kai ruwa."

Aka yi salati. Kofur ya matso kusa da ni.

"Laraba tana zuba nono," Baƙo ya ci gaba, "wannan tsakaninta da Allah. Nata'ala ya ɗauki abin da ba nasa ba, wannan tsakaninsa da ubangidansa." Injiniya ya juya ya kalli direbansa, Nata'ala ya kalli sama. "Nata'ala, burodi nawa ka ce a ajiye maka?"

"Biyu, Baba."

"Ka ga ana gasawa?"

"Na ga Mamman yana kwaɓawa."

"Yallaɓai Injiniya, in ba ku nan, akan gasa burodi a gidan nan?"

"A'a," in ji Injiniya da Hausarsa mai nauyi. "Madam kawai ke ci. Fulawa na tsada."

Baƙo ya juya. "Mamman, ina burodin Juma'a?"

"Ya... ya ƙone, Baba." Muryar ba ta fita sosai. Tari ya sarƙe shi, tiren ya yi ƙara.

"Tun jiya nake jin muryar nan. Na ga masu kuka da yawa, ban ga wanda kuka ya sa masa tari irin wannan ba." Baƙo ya kwance gefen rigarsa ya ɗora dunƙulen a kan tiren, tsakanin kofuna. "Ka manta ɗaya. Na ƙasa, cikin ciyawa."

Mamman ya kalli abin. Ya daɗe. Sannan ya ajiye tiren a hankali, kamar yadda yake ajiyewa gaban Madam, ya ce, "Laraba, don Allah ɗauke mini yarinyar nan."

Laraba ta goya ta, ta yi gaban gida da ita.

Mamman ya zauna a kan simintin. "Ranar Alhamis na fito na sami Safara'u a bakin magudana, tana miƙa wa kumurcin nan hannu. Ya fasa kai, tsayinsa ya kai nata. Ban san yadda na ɗauke ta ba. Ita kaɗai gare ni. Na ce tunda masu gida ba sa nan, in yi masa yadda muke yi wa gafiya." Ya yi tari. "Ranar Juma'a da hantsi na toshe ko'ina. Na zuba hoda a bokiti, na tura shi bakin ƙofa, na tuttula asid, na ja na sa sakata. Ban leƙa bayan tanki ba. Me zan leƙa? Na ɗauka Sabo ya tafi gida. Na ɗauki yarinya na kai ta wurin maƙwabta, na wuce masallaci."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Ina sahu ina jin daɗi, wai na yi dabara. Da la'asar na zo na zare sakata, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Na tura da ƙarfi. Shi ne a bayanta."

"Macijin fa?" kofur ya tambaya.

"Ban gan shi ba."

"Ya fita ta magudana tun hayaƙin bai kai ƙasa ba," in ji Baƙo. "Sawunsa yana bayan katanga."

Mamman ya rufe fuska. Mai unguwa ya ce, "Wannan ƙaddara ce, Mamman, da ka zo ka faɗa. Me ya kai ka jefa shi a ruwa?"

"Na ce mutane za su ce mai wurin ne ya ja shi. Kowa ya san zancen. Na juye bokitin a tafkin, na wanke ƙasa. Na ce ba wanda za a kama."

"Jiya a gabanka aka kama wani," Baƙo ya ce. "Kana durƙushe a nan."

Mamman ya ɗago ya dube ni. Mutumin da yake ajiye mini ƙanzon shinkafa a murfin tukunya, yake ce mini ƙanena. Na jira ya ce wani abu. Bakinsa ya motsa.

"Na ce kai saurayi ne," ya ce. "Ba ka da 'ya."

Kofur ya saki hannun rigata, wanda ban ma lura ya riƙe ba, ya je ya ɗaga Mamman. Bai sa masa ankwa ba. Suka bi ta ƙofar baya don kada yarinyar ta gani, Baƙo na biye da su, kansa a sunkuye.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna ni da haɓa jiya ya wuce ta gabana yana gyara hula. Injiniya ya zo ya tsaya kusa da ni, mu biyu muna kallon farin ruwan.

"Isiyaku," ya ce, "zai gyaru?"

"Zai gyaru, yallaɓai. In aka kunna inji aka bar shi yana tacewa, kwana kaɗan zai koma garau."

"To kunna."

Na kalli koriyar ƙofar. Makunnin yana can ciki, bayan tanki, sai an taka tabarmar kafin a kai gare shi. Na ji motar Minna ta tashi, da wani a kujerar da aka tanadar mini. Na jingine ragar kwashe ganye a jikin mangwaro, na ajiye kwalbar gwaji a gindinta.

"Sai dai a nemi wani, yallaɓai," na ce.

Na fita ta babbar ƙofa. Laraba tana zaune a dakali da Safara'u a cinya, tana ɓare mata gyaɗa. Yarinyar ta ɗago ta tambaye ni ko babanta ya gama aiki.

Na ce mata da saura.